Juma'ar da Ƙofar Ruwa Ta Rufe

Shekara biyu ke nan da mutuwar auren Rihab da Midhat, kuma a duk tsawon lokacin nan bai taɓa ganin 'yarsa Tasnim ba sai a inda alƙali ya yanke: filin wasan matasa na unguwar Shubra, kowace Juma'a, awa uku, mai gadi na kallo. Rihab takan zauna can gefe da jakarta a cinya, idonta a kan ƙofar fita, har lokaci ya cika ta kama hannun 'yarta su tafi.

Saboda haka da ya bugo waya ranar Talata ya ce yana roƙon arziki a yi wannan Juma'ar a Ƙanaɗir, wurin shan iska a bakin kogi can bayan gari, yarinya ta ga ruwa da ciyawa ko sau ɗaya ne, abin da ya fara zuwa bakinta shi ne a'a. Ashe ya riga ya sa wa yarinyar rai tun wancan makon. Kwana uku Tasnim tana bin uwarta daga kicin zuwa baranda.

"Mama, Baba ya ce akwai wani ɗaki na ruwa da jirgi yake shiga, a rufe shi, sai ya yi ta sauka ƙasa. Da gaske ne? Mama, za mu je?"

Mahaifiyar Rihab, Hajiya I'timad, ita ta kashe maganar. "Ki kai ta mana. Ni ma zan bi ku, na gaji da kallon bango. A gaban mutum dubu zai saɓe ta a kafaɗa ya gudu?"

A kantin maganin da take aiki akwai wata Nagla wadda tsohon mijinta ya ce zai kai ɗansu ya sayo masa takalmi. Shekara huɗu ke nan ba a dawo daga sayen takalmin ba, kuma har yau takardar kotu tana ninke cikin jakar Nagla, ta yi laushi saboda yawan buɗewa. Ga wani abin kuma da Rihab ba ta faɗa wa kowa ba. Ɗaya daga cikin manyan magudanan ruwa da suka tashi daga Ƙanaɗir, ita ce take ratsa ƙauyen su Midhat a lardin Manufiya. Ta sha wanke kwanuka a gaɓarta tana amarya. Kuma ba ta manta da abin da uwar Midhat, Hajiya Fatahiyya, ta faɗa mata ba ranar da ta zo kwashe kayanta: "Riƙe ta ki gani. Jininmu ce, gidan ubanta za ta dawo ko kina so ko ba kya so."

Sun sauka daga ƙaramar bas daidai lokacin da ake fitowa daga masallaci. Wurin ya cika kamar ranar salla. Iyalai sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin manyan bishiyoyi, samari na tsere da kekunan haya, hayaƙin gasasshiyar masara ya lulluɓe bakin gada. Midhat na tsaye a gindin wata tsohuwar hasumiya ta jan bulo, ya yi aski, ya sa sabuwar riga. Tasnim ta fizge hannunta ta ruga gare shi.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ya ƙafa?" ya ce da tsohuwar surukarsa, ya ɗan rusuna.

"Ƙafa tana nan inda ka bar ta. Ka rame. Ba a ba ka abinci ne?"

"Aiki ne, Hajiya." Ya juya bai kalli idon Rihab sosai ba. "Na gode, Maman Tasnim."

"Ƙarfe biyar za mu tafi," ta ce.

Sun taka a kan tsohuwar gadar daga farko har ƙarshe. Tasnim na ƙidaya bakunan da ruwa ke bi ta ƙarƙashi, ta kai ashirin da bakwai ta rikice ta koma farko. Midhat ya ɗora ta a wuya ya nuna mata inda kogi ya rabu biyu. Rihab na biye da su taku uku a baya. Ta lura sau biyu yana zaro waya ya duba ya mayar. A karo na uku ya matsa gefe ya yi magana ƙasa-ƙasa, abin da kawai ta ji shi ne, "To, to, saura kaɗan."

"Da wa kake magana?"

"Wani ne injin sanyaya ɗakinsa ya lalace. Ko Juma'a ba sa barin mutum."

Suka zauna a inuwa kusa da hawis, wato ɗakin ruwan da yarinyar ta dame su da shi. Dogon rami ne na dutse, matsattse, da ƙatuwar ƙofar ƙarfe a kowane ƙarshe, gansakuka ta yi wa bangonsa kore. Wani dattijo mai farin rawani yana zaune kan kujerar katako a bakinsa yana shan shayi. Hajiya I'timad ta kwance ƙunshin burodi da ƙosai da tsamin kokwamba, amma ita kanta ba ta ci ba, ta ce zafin rana ya toshe mata ciki.

Can wani mai jirgin inji ya fara kira daga matakala. "Zagaye! Zagayen shan iska! Saura mutum uku!"

Tasnim ta miƙe da burodi a baki. Rihab ta miƙe ita ma, don ta riga ta ƙudura duk inda yarinyar ta sa ƙafa nan za ta sa tata. Sun kai matakala ke nan ta ji an ce, "Kai, ku kama tsohuwar nan!" Ta waiwaya ta ga uwarta ta yunƙura za ta tashi ta koma jaɓar, ta dafe goshi, gumi na tsattsafo mata. Ciwon sukari ne, kuma tun safe ba ta sa komai a cikinta ba.

Rihab ta ruga ta tallafe ta, tana lalube a jaka tana neman alewa.

"Ki zauna da ita," Midhat ya ce daga bayanta. "Mu yi zagayen mu dawo. Kina ganinmu daga nan."

"A'a, ku jira."

"Mama, zai tafi ya bar mu!"

"Ku bar yarinya ta hau," in ji Hajiya I'timad da ƙyar, idonta a rufe. "Ni ba mutuwa zan yi ba."

Rihab ba ta ce e ba, ba ta kuma sake cewa a'a ba. Hannunta ɗaya na riƙe da kan uwarta, ɗaya na kwance ledar alewa da ta ƙi kwantuwa. Wata mata daga tabarmar kusa ta kawo ruwan rake a kofi. Sai da tsohuwar ta sha rabi, launin fuskarta ya fara dawowa, sannan Rihab ta ɗaga kai ta dubi ruwa.

Jirgin ba ya inda take tsammani. Ya karya kwana ya shige cikin hawis, ƙofar ƙarfe tana haɗuwa a bayansa a hankali.

Ba ta san lokacin da ta yar da kofin ba. Ta isa bakin ramin tana haki. Ga jirgin nan dab da ƙafarta, mutane goma sha wani abu a ciki suna dariya suna ɗaukar hoto, ga Tasnim a gaba tana ɗaga mata hannu biyu.

"Midhat! Miƙo min ita! Ba haka muka yi da kai ba!"

"Zagayen ke nan, ta nan yake bi! Minti talatin ne!"

"Na ce miƙo ta!"

Amma dattijon mai rawani ya riga ya kama wani ƙarfe mai kama da sitiyari a ɗaya ƙarshen yana murzawa. Ruwa ya yi wata ƙara daga ƙasa kamar ana kwarara shi a rijiya. Jirgin da yake daidai ƙafarta ya fara yin ƙasa. Kamu ɗaya, kamu biyu. Jiƙaƙƙen bango ya yi ta fitowa, baƙi, mai santsi.

Ta ruga wajen dattijon. "Baba, don Allah tsayar! 'Yata tana ciki!"

"To ai ba ita kaɗai ba ce a ciki, 'yar nan. Me ya same ta?"

"Ka tsayar kawai!"

"Idan na rufe yanzu sai su zauna a tsakiya, ba sama ba ƙasa. Shekara talatin da ɗaya ina kan wannan ƙofa, sunana Shahata, tambayi kowa, ko kyanwa ba ta taɓa nutsewa a hannuna ba."

Ta koma ta durƙusa a bakin dutse. Akwai tsanin ƙarfe a jikin bangon, duk tsatsa da gansakuka. "Ɗora ta a tsanin nan, zan kama ta!"

"Kin haukace ne?" Midhat ya ɗaga murya daga ƙasa. "A wannan santsin? So kike ta faɗa tsakanin jirgi da bango?"

Mutanen jirgin suka zuba mata ido. Wani mai ƙaton tumbi ya ce, "Madam, ba Turai za mu ba, nan da nan ne." Aka yi dariya. Tasnim kuwa ta daina ɗaga hannu, tana kallon uwarta tana kallon ubanta.

Ganin fuskar yarinyar ya sa Rihab ta haɗiye ihun da ya taso mata. Ta ƙaƙalo murmushi. "Riƙe ƙarfe da kyau, kin ji? Ina nan ina jiranki."

Ƙofar gaba ta buɗe. Jirgin ya fita ya miƙe cikin magudanar nan da ke ratsa ƙauyen su Midhat, ya yi ta ƙanƙancewa tsakanin gonakin ayaba har kwana ta ɓoye shi.

Ta kira wayar Midhat. Tana shiga, ba a ɗauka. Ta sake kira. Ta ce wa kanta ƙarar inji ce ta hana shi ji. Baba Shahata ya jawo mata kujerarsa, ta ƙi zama.

"Ina suke juyawa?"

"Wajen tsohon injin ban ruwa. Akwai 'yar matakala da mai shayi. Daga can su dawo."

"Akwai titi a wurin?"

"Akwai mana. Titin Manufiya ne ya bi ta bayan wurin."

Ta dubi inda masu keke mai ƙafa uku suke jere a bakin gada, ta dubi uwarta da ke jingine da bishiya. Idan ta bi su ta titi, jirgi ya dawo ta ruwa, sun saɓa. Idan ta tsaya, shi kuma yana da mota a can, kowane minti nisa yake ƙara musu. Ta yi taku biyar wajen kekunan ta dawo. Ta sake yin uku ta dawo.

"Uban yarinyar ne?" dattijon ya tambaya a hankali.

"E."

"Kun rabu."

Ta gyaɗa kai. Dattijon ya zuba shayi a ƙaramin kofi ya ajiye a kan dutse kusa da ita.

Minti talatin suka cika. Arba'in. Hajiya I'timad ta lallaɓo ta iso tana dogara bango. "Ni na ce a bar ta ta hau," ta ce. "Bakina ne."

"Mama, don Allah yi shiru."

A minti na hamsin aka ji ƙarar inji. Jirgin ya ɓullo daga kwana, ya shigo cikin ramin, aka rufe. Rihab ta kwanta rub-da-ciki a bakin dutse tana leƙe, ba ta damu da masu kallo ba. Ga mai tumbi. Ga mata biyu masu baƙin mayafi. Ga saurayi da budurwarsa. Gurbin gaba babu kowa.

"Ina mai yarinyar?" Muryar da ta fito ba ta yi kama da tata ba.

Mai jirgin ya ɗago kai yana kare rana da hannu. "Mai sabuwar riga? Sun sauka wajen mai shayi. Na yi ta jiransu, ya ce in tafi."

"Akwai mota?"

"Na ga wata farar mota a ƙarƙashin bishiya. Ban sani ba ko tasu ce."

Ba ta tsaya jin salatin uwarta ba. Ta faɗa keken farko, ta ce da direban wajen tsohon injin ban ruwa, ya taka iyakar ƙarfinsa. Hanyar ƙasa ce a kan gaɓa, duk ramuka. Keken na tsalle, kanta na bugun ƙarfen rufi, ba ta ji. Jaki ɗauke da ciyawa ya tare hanya, ta leƙo ta daka wa mai jakin tsawa irin wadda ba ta taɓa yi wa babba ba. A zuciyarta tana ta jera abin da za ta yi: ofishin 'yan sanda, lauya, ƙauyen, ƙofar gidan su Midhat mai shuɗin fenti da za a ce mata ba su zo ba. Tana jerawa tana ganin fuskar Nagla a bayan teburin kanti tana miƙa wa mutane magani.

"Ga wurin can," in ji direban.

Farar motar tana nan. Ƙofar baya a buɗe. Rihab ta dira tun keken bai gama tsayawa ba, takalminta ɗaya ya fita ta bar shi.

Tasnim na tsaye a bakin ƙofar motar tana rera waƙar da aka koya musu a makaranta, tana tafi. Midhat na tsugune a gefenta. A kujerar baya an jingine wata tsohuwa da matasai. Sai da Rihab ta matso sosai ta gane ta. Hajiya Fatahiyya ce, matar da a da muryarta kan tsallake katanga uku. Ta koma rabin yadda take. Gefen bakinta ya karkace, hannunta na dama na kwance a cinya kamar ba nata ba. Ƙanin Midhat, wanda ya tuƙo motar, yana goge mata yawu da hankici.

Rihab ta fizgo yarinyar ta manna ta a jikinta, har waƙar ta katse.

Midhat ya miƙe. "Wata huɗu ke nan da ta faɗi. Ba ta iya magana, sunan yarinyar nan kawai take iya fitarwa, shi ma rabi. Likita ya ce..." Ya kalli uwarsa ya fasa. "Shubra ta yi mata nisa. Nan ne iyakar inda za ta iya zama a mota."

"Shi ne ka yi min ƙarya."

"Da na tambaye ki za ki yarda?"

"Ba zan yarda ba."

"To kin gani."

"Ban gani ba!" Ta ji hawaye ya ɓalle mata, ta kuma ji haushin ɓallewarsa. "Ka san abin da na yi a awa ɗayan nan? Na binne yarinyar nan na tono ta ya fi sau goma. Wayarka tana aljihunka, kana ji tana ƙara. Uwata na can, ban san ko ta sake faɗuwa ba. Da ma ka shirya, ko ta yi jiri ko ba ta yi ba sai ka san yadda ka yi ka bar ni a baya."

"Da ke za mu zo. Niyyata ke nan, wallahi. In mun iso ki gan ta da idonki, in ya so ki zage ni. Da Hajiya ta yi jiri sai na ga..." Ya sunkuyar da kai. "Na yi laifi. Na ji tsoro in na ɗauki wayar ki ce a juyo tun ba ta gan ta ba."

"Mama, kina matse ni," in ji Tasnim. "Kaka ce. Ba ta da lafiya. Na yi mata waƙa biyu, saura ɗaya."

Tsohuwar tana kallon Rihab. Ta ɗaga hannun hagu da ƙyar, ta miƙo shi, yana karkarwa a iska. Bakinta ya motsa, abin da ya fito ba magana ba ce. Rihab ta tsaya tana duban hannun. Ba ta ji ta yafe komai ba. Amma hannun tsohuwa a miƙe, mutane na kallo daga rumfar mai shayi, ba tarbiyyar da aka yi mata ba ce ta bar shi a haka. Ta kama shi ta ce, "Sannu, Hajiya. Allah ya ba ki lafiya."

Sannan ta sassauta riƙon yarinyar. "Yi mata ta ukun. Ki yi sauri, ɗaya kakar taki tana can ita kaɗai."

Tasnim ta rera. Ƙanin Midhat ya je ya ɗauko takalmin Rihab daga cikin ƙura, ya kakkaɓe ya ajiye a gabanta. Da waƙa ta ƙare yarinyar ta hau ta sumbaci goshin tsohuwar, ta sauko.

"Bari mu kai ku a mota," Midhat ya ce.

"Kekena yana jira."

Ya bi su har bakin keken. "Juma'a mai zuwa fa?"

"Filin wasa. Ƙarfe biyu, kamar kullum." Ta ɗora yarinyar ta hau. Direban ya tayar da inji. Tana kallon gaba ta ƙara da cewa, "In tana son jin muryarta, ka bugo da yamma bayan na taso aiki. Wayata za ka kira, ni zan riƙe."

Da suka koma sun tarar da Hajiya I'timad zaune kan kujerar Baba Shahata, mata sun kewaye ta suna ba ta baki, carbi na gudu a hannunta. Tana hango jikarta ta fashe da kuka, ta rungume ta, ta ɗaga kai ta shiga zagin Midhat da danginsa kaf har kakan kakansa. Rihab ta bari sai da ta gaji, sannan ta gaya mata abin da ta gani a motar.

Tsohuwar ta dafe ƙirji. "Fatahiyya? Shanyewar jiki?" Ta juya carbin sau biyu. "Innalillahi. Matar da ko zama ba ta iya yi." Can kuma ta ce, "Duk da haka ɗanta ɗan iska ne."

Rihab ta zauna a kan dutse, ta jawo Tasnim kusa da ita. Wani jirgin ɗaukar duwatsu ya iso yana neman hanya, Baba Shahata ya tashi ya kama ƙarfensa. Tasnim ta ja hannun uwarta tana son ta matsa ta ga yadda abin yake daga sama. Rihab ta ce daga nan ma ana gani.